Muryar da ke Ƙarshen Waƙa ta Tara

Shafi na 23

Na ga saƙonninku duka. Masu cewa Sisi Shuvai ba ta kyauta ba da ta ɓoye wa mutum ɗansa, ni ban ce komai ba. Ku dai karanta.

*

Ban san tun yaushe take tsaye a bakin ƙofa ba.

Ina durƙushe ina wanke kapenta, ƙananan kifin nan na tafki, Munesu, jaririn yayata, yana barci a kan tabarma ba ko riga saboda zafi, sai na ga inuwa ta faɗo cikin ruwan robar.

Na ɗago kai.

Tete Marwei ce. Gwaggon Garikai mijin yayata, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta raine shi tun yana ɗan shekara huɗu. Rabona da ita wata goma sha shida, tun ranar da ni da yayata Shuvai muka bar Harare da jaka ɗaya da jita, muka zo Kariba inda ba wanda ya san mu.

"Ba a ba baƙo wurin zama a garin nan, Maidei?"

Na goge hannu a zani, na tafa mata hannu na gaisuwa, tafin ma bai fita da kyau ba. Na jawo mata kujerar roba.

Ta zauna. Ta cire takalma, ƙafafunta sun kumbura da zaman mota. Ta dubi rufin kwano, ta dubi labule, ta dubi tukunyar sadza, tuwon masararmu, da ban kai ga ɗorawa ba. Komai na ɗakin ta duba, ban da tabarmar.

Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

"Kawo ruwa."

Na kawo. Ta shanye ta miƙo min kofin.

"Ina yayarki?"

"Tana otal, Tete. Tana yi wa masu cin abincin rana waƙa. Ƙarfe biyu take dawowa."

"Ɗaga murya. Kunnen hagun nan ya mutu tun bara."

Na sake faɗa.

"To. Za mu jira ta." Sai a lokacin ta nuna tabarmar da haɓa. "Wannan fa?"

"Ɗan maƙwabciya ne."

"Maƙwabciya."

"E, Tete. Ta je kasuwa."

"Har yanzu in kina ƙarya kunnenki kike ja. Sauke hannun."

Na sauke.

Ta buɗe jaka ta ciro waya a naɗe cikin hankici, da abin saƙalawa a kunne, igiyarsa duk ta harɗe. Ta zauna tana warwarewa a hankali, kamar ba abin da ya kawo ta.

"Jikata ce ta saka min waƙoƙin yayarki a nan. Ta ce su ake ji yanzu a Harare, 'yan jami'a har kuka suke a kai. Waƙa tara. Me ma sunan abin?"

"Inda Ba Ka Sani Ba."

"Ai kuwa." Ta gyaɗa kai. "Na saurara duka. Ba ganga, ba 'yan amshi, ba wurin taka rawa. Mace ɗaya da jita tana ta ƙorafi. Ta farko, motar da ta ɗauke ta daga gari. Ta uku, rigarsa da ta bari a kan igiyar shanya. Ta shida, wai ta manta yadda ake dafa abincin mutum ɗaya. Na ce yarinyar nan ta sha wuya, amma ta iya bakinta. Ba ta kira sunan ɗana ba, ba ta kira sunan gari ba."

Igiyar ta warware.

"Sai ta tara."

Ta ɗago ta dube ni.

Kun san yadda aka ɗauki waƙoƙin nan. Mukoma Dumi, mai ɗaukar waƙa, ya zo daga Bulawayo da makirufo biyu a jaka, ya kafa su a ɗakin nan namu. Dokarsa ɗaya ce: sau ɗaya ake rera waƙa, ba yanka, ba gyara. Zakara ya yi cara, ya shiga. Ruwan sama ya bugi kwano, ya shiga. Ya ce abin da masu saurare ke so ke nan, su ji ɗakin da kansa. Ni aikina in riƙe Munesu a bayan ɗaki don kada a ji shi.

Waƙa takwas na riƙe shi lafiya. A ta tara ya farka.

"Matso," in ji Tete.

Ta saƙala min abin a kunne da hannunta, ta kai waƙar ƙarshe, ta danna sautin har ya ƙure.

Na ji muryar Sisi ta sauka. Na ji jita ta yi kukanta na ƙarshe. Sai shiru, irin shirun da Mukoma Dumi ke bari ya yi tsawo. Famfo yana ɗiga. Can nesa jariri yana kuka.

Daga nan na ji wata murya siririya, ta bayan bango.

"Shumba. Yi shiru, Shumba. Nyamuziwa, don Allah yi shiru."

Kukan ya tsaya.

Muryata ce.

Tete ta zare abin daga kunnena.

"Masu kunne biyu ba su ji ba. Sun ji kuka, sun ce ɗan maƙwabta ne. Ni da nake ƙure sauti saboda kurumta, ni na ji." Ta sa yatsa ta ɗago haɓata. "Ke da yayarki 'yan gidan Soko ne. Biri ne naku. Wa ya ba ki kirarin zaki ki yi wa jariri?"

Ba ta saki haɓata ba.

"Ko yarinya 'yar shekara biyar ta san ba a lallashin jariri da kirarin gidan wani. Na ubansa ake yi masa. Shumba Nyamuziwa, gidan zaki, mu ne. Kuma mu an aiko mana cewa cikin ya zube."

Ko dai muryarta ce, ko zafi, Munesu ya buɗe ido. Ya ga baƙuwar fuska ya tsala kuka.

Na ɗauke shi na rungume. Ina jijjiga shi ina faɗin abin da Sisi ta ce in riƙa faɗi.

"Soko, yi shiru. Soko, yi haƙuri."

Ya ƙara ƙarfi. Ya banƙare, yana dukan ƙirjina.

"Ci gaba," in ji Tete. "Ina kallo."

"Soko..."

Ta sunkuyo. Ba ta taɓa shi ba. Ta tafa hannu a hankali sau uku.

"Shumba. Nyamuziwa. Yi haƙuri, babban gida, mu ne muka makara."

Ya yi shiru. Hawaye a kumatu, baki a buɗe, yana kallon ta.

Ni na san dalili. Wata biyar ke nan, duk sanda Sisi ta fita, da sunan nan nake sa shi barci. Ni na saba masa. Amma wa zan gaya wa haka ya yarda?

"Kawo shi."

Ba a hana gwaggo ɗan gidansu. Ban san ma sanda hannuna ya miƙa shi ba.

Ta ɗora shi a cinya. Ta duba kunnuwansa, ta duba yatsun ƙafarsa, ta shafa goshinsa.

"Goshin yayana ne. Wata nawa?"

"Goma."

"Wata goma yana cin abinci da sunan biri."

A haka Sisi Shuvai ta same mu.

Ta shigo da jita a baya, ledar tumatir a hannu, tana cewa, "Maidei, yau wani bature ya ce in..."

Ledar ta faɗi. Tumatir ɗaya ya gangara har ƙarƙashin kujerar Tete.

Ba wanda ya motsa.

Sisi ce ta fara. Ta sauke jitar ta jingine da bango. Ta durƙusa ta tafa hannu ta gaishe ta, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar mutanen gida. Tete ta amsa, ita ma cikakkiya. Duk wannan idon Sisi yana kan hannun da ke riƙe da Munesu.

"Kin rame, surukata."

"Zafi ne, Tete. Ku ba ni shi, lokacin nononsa ya yi."

"Bai nema ba."

"Ɗana ne, na san lokacinsa."

"Ɗan maƙwabciya aka ce min."

Sisi ta juyo ta dube ni. Na dubi ƙasa.

"Wa ya gaya muku?"

"Ke. Ke kika saka shi a waƙa kika aika wa duniya."

"Kukan jariri ne kawai. Kowace unguwa akwai jariri."

Tete ta miƙa mata wayar. "Ƙure sautin."

Ina tsaye ina kallon fuskar yayata tana saurare. Na ga inda jita ta ƙare. Na ga inda kukan ya fara. Na ga inda muryata ta shigo, domin a nan ta rufe ido.

Ta cire abin a hankali.

"Maidei."

"Sisi, ya ƙi yin shiru. Mukoma Dumi ya ce in aka ɓata ba za a sake ba. Kuma ita ce waƙar da kika fi..."

"Na ce kada sunan nan ya shigo gidan nan."

"Sau ɗaya ne."

"Sau ɗaya?"

Na ji hannuna ya tafi kunnena. Na sauke shi da sauri, amma ta gani.

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta juya ga Tete.

"Waƙa ba ta faɗi lambar gida ba. Wa ya ba ku?"

"Mahaifiyarku."

"Ƙarya ne."

"Kin ga na yi kama da mai hawa mota awa shida don in yi miki ƙarya? Jiya da yamma na je Chitungwiza na same ta. Ban ma gama tambaya ba ta fashe da kuka. Ta ce yaron ya yi zazzaɓi sau biyu, ta ce ba zai taɓa lafiya ba in mutanensa ba su san da shi ba. Ta ce ta gaji da kwana da abin a ciki."

Sisi ta zauna a ƙasa, a nan inda take.

"Amai," ta ce, yadda muke kiran mahaifiyarmu. Shi ke nan.

Daga nan ta ɗaga hannunta na hagu, ta buɗe shi a gaban Tete. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi a lanƙwashe suke, ba sa miƙewa.

"Kun san abin da masu rubutu a jarida suka ce? Wai na ƙirƙiro sabon salon kaɗa jita da yatsa biyu. Wai abin sha'awa. Ku gaya musu yadda na ƙirƙiro shi, Tete. Ku ne kuka kai ni asibiti."

Tete ta kau da kai.

"Ku ne kuka ce wa nas ƙofar mota ce ta datse ni."

"Ni ce."

"Ina da ciki wata biyu a lokacin. Don na yi waƙa a gidan shayi mutum ashirin sun tafa. A kan teburin cin abinci ya shimfiɗa hannun, yana tambayata wanne nake danna igiya da shi. Da fara'arsa yake tambaya."

"Na sani."

"Kun sani kuka zo?"

Munesu yana wasa da maɓallin rigar Tete. Da ta buɗe baki muryar ba irin wadda ta shigo da ita ba ce.

"Na yi wauta, Shuvai. Shi ya sa na zo."

"Wace wauta?"

"Da na ji muryar ƙanwarki, murna ce ta kama ni. Yayana ya tsufa bai ga jika namiji ba. Ban yi tunani ba. Na ɗauki waya na tafi wurin Garikai, na saka masa a kunne."

Ina jin ƙudaje a kan robar kifi.

"Yaushe?"

"Jiya da rana."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Sau huɗu ya saurara. Ya miƙo min wayar, ya ce na gode, Tete. Ya fita ya ɗebo ruwa a bokiti ya fara wanke mota."

Ni da Sisi muka dubi juna. Garikai ba ya wanke mota sai zai yi doguwar tafiya.

"Bai san gidan nan ba," in ji Sisi.

"Ya san gidan mahaifiyarku. Kin taɓa ganin ta ce wa suruki a'a? Na hau motar asuba don in riga shi. Ban sani ba ko na riga shi da yini ɗaya ne, ko da awa ɗaya."

Sisi ta miƙe. Ta tafi tagar gaba ta ɗaga labule kaɗan. Hanya ba kowa, sai karen maƙwabta a ƙarƙashin motar da ta mutu.

"Ki saurare ni," in ji Tete. "Akwai motar ƙarfe uku. Ki ba ni yaron in kai shi Murewa, gidan kakansa. A gaban yayana da dattawa Garikai ba ya ɗaga hannu, ba ya ɗaga murya. In ya zo nan ya tarar ba yaro, ku ce na tafi da shi. Zai juya ya bi ni. Ku kuma ku tsira."

"In kun kai shi Murewa, zai dawo wurina?"

Tete ta gyara wa Munesu zama a cinyarta.

"Tete, tambaya na yi."

"Shanun aurenki sun shiga garken mahaifinku, Shuvai. Kin san amsar."

"To in na hana?"

"Garikai zai karɓe shi da hannunsa. Kin fi ni sanin hannun."

Sisi ta tsaya a tsakiyar ɗaki. Gumi yana bin wuyanta. Ta dubi Munesu, ta dubi ƙofa, ta dubi hannunta.

"Ku ba ni shi in ba shi nono," ta ce. "Ko tafiyar ce ai ba zai yi da yunwa ba."

Tete ta miƙa mata.

Ba ta ba shi nono ba. Ta zare zanen da ke kan igiya, ta ce, "Maidei, juya."

Na juya. Ta ɗora min shi a baya, ta ɗaure zanen tamau har numfashina ya tsaya. Tana ɗaurewa tana magana a kunnena.

"Ki fita ta baya. Kada ki bi titi, ki bi ta bayan coci ki gangara bakin ruwa. Ki nemi Mai Tarisai da muke sayen kifi a wurinta. Ki ce ni na aiko ki, ta ɓoye ku a rumfar shanya kifi. Kada ki dawo sai kin gan ni da idonki. Ko wa ya kira ki a hanya, ba ki ji ba."

"Ke fa, Sisi?"

"Ni zan zauna in jira mijina."

"Sisi, ki yafe..."

"Ba yanzu ba, Maidei."

Tete ta miƙe tsaye. Tsakanina da ƙofar baya ita ce. Mace ce mai jiki, in ta ƙi matsawa ba zan wuce ba.

Ta daɗe tana kallon kan Munesu ta saman kafaɗata. Ta miƙo hannu ta gyara masa wuya a cikin zanen, don ya karkace.

Sannan ta koma kan kujera ta juya fuskarta ga bango.

"Ni tsohuwa ce, barci ya kwashe ni," ta ce. "Ban ga ta inda aka bi ba."

Na zura takalmi. Ƙafar dama na sa a na hagu, ban tsaya gyarawa ba. Na zare sakatar ƙofar baya a hankali don kada ta yi ƙara, na tura.

Rana ta doke ni a ido. Sai da na ƙifta sau biyu kafin na gani.

Akwai mutum zaune a kan dutsen wankinmu, a inuwar mangwaro. Farar riga tas, ya naɗe hannayenta zuwa gwiwar hannu. Ya tsinki mangwaro ɗaya yana ferewa da 'yar wuƙa. Ɓawon da ke gabansa a ƙasa ya fi na mangwaro uku.

Tagar bayan ɗakinmu tana saman kansa, a buɗe.

Garikai ya ɗago ya yi min murmushin nan nasa, wanda duk unguwarmu ta Harare ke yabo.

"Ƙaramar matata," ya ce. Haka yake tsokanata tun ina 'yar shekara goma sha uku, wasan miji da ƙanwar mata. "Kin yi ƙiba. Kifin Kariba ya karɓe ki."

Na kasa gaba, na kasa baya. Ina jin zuciyar Munesu tana bugawa a bayana.

Ya ajiye mangwaron a kan dutse. Ya goge wuƙar a wandonsa, gefe da gefe, bai mayar da ita aljihu ba.

"Ba gaisuwa?"

"Ina... ina wuni."

"Lafiya lau." Ya miƙe. "Juyo min da bayan naki in gani."